Tsagar Gobir a Cikin Hamidu

Hamidu mai taya na Sabon Gari, shugaban partin adawa na unguwa, mutum ne da bakinsa ya girmi jikinsa. Shekarar tazarce ya yi wata biyu yana rantsuwa cewa ran zanga-zanga shi ne gaba, ƙirji a buɗe. Saura kwana uku ya faɗi a shago, jini ya ƙare masa. Ɗansa da ke aiki Tunis ya sa aka kai shi can.

Lokotoro ya ce tsiro ne a ƙaramin hanji, ba daji ba ne, amma shi ke tsiyayar da jinin. Aka kwantar da shi barci, aka zura siririn tiyo mai ido ta baki, aka ƙone tsiron da wani haske, lazer. Ba wuƙa, ba zare. Kwana goma ya dawo Maradi yana cin tuwo malmala biyu.

Nan tsiyar ta soma. A garin nan wanda aka yi wa aiki yakan ɗage riga 'yan dubiya su ga ɗinki su yi salati. Hamidu ya ɗage, tumbi sumul kamar sabuwar ƙwarya. Tanimu, mataimakinsa, wanda jandarma suka fasa wa goshi ran zanga-zangar, ya dube shi ya ce, “Sannu, Shugaba. Ashe tsoro ma har Tunis ake kai shi.”

Ya nuna takardun likita, aka ce kowa na iya sayen Faransanci. Matarsa Tsahara ta ce ya gode Allah ya bar kujerar, ya ce mace ba ta san siyasa ba.

Sai ya sulale Tsibiri, inda ba a san shi ba, ya sami tsohon wanzami ya ce a yi masa tabo a ciki. To, hannun da ya shekara hamsin yana yi wa 'ya'yan Gobirawa tsaga a kumatu me ya sani? Ya ja masa shida nan, bakwai can, reras.

Da ya warke, ran taron parti ya ɗage riga. Tanimu ya matso ya ƙirga da yatsa, ya tambaya a hankali ko lokotoron Tunis ɗin Bagobiri ne.

Kujera ta koma hannun Tanimu. Hanji kuwa lafiya lau har yau, sai dai ko alwala Hamidu zai yi, ba ya ɗage rigar nan ta wuce cibiya.