Filin da Baba Ya Zaɓa

Shekarar da mai gida ya sake ƙara mana kuɗin haya a Tasawa, na ce ya isa. Ni da matata da yara uku a ɗaki ciki da falo, ga maƙwabta takwas muna layin makewayi ɗaya. Abin da na tara ba zai sayi ginannen gida ba, sai dai fili, shi ma a bayan gari, kuma sau ɗaya tak. In na yi kuskure, haya ce har tsufa.

Sai na aika garinmu Korgom aka ɗauko mini Baba. Manomi ne, a ganina babu wanda ya fi shi sanin ƙasa.

Muka hau kabu-kabu zuwa inda aka yanka filaye. Ni kaina da nake cikin garin sai da na riƙe baki. Wurin da na sani da gero da wake ya zama katanga bayan katanga, wani ginin siminti ne, wani na ƙasa da aka shafe, wani an tsaya a taga ana jiran kuɗi. Baba kuwa kallo kawai yake yi.

Dillali ya nuna mana filaye uku. Baba ya cire takalmi ya taka kowanne. A na ukun ya durƙusa, ya tona da hannu, ya murza ƙasar, ya shinshina.

"Wanga za ka ɗauka," in ji shi. "Ƙasag ga tana da rai."

Shi ne ma mafi araha. Na biya ina jin daɗi, muka zagaye shi da katanga, muka tayar da ɗaki biyu kafin damina.

Ruwan farko mai ƙarfi, duk abin da ya zuba a unguwar, gidanmu ya nufo. Ashe kwari ne. Tsakar gida ta zama tafki har ƙauri, matata tana kwashe tabarmi tana yi mini wani irin kallo. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi waya na ce Baba ya zo ya ga aikinsa.

Ya zo da amalankensa, ya tsaya cikin ruwan ya daɗe.

"Baba, gida na ce ka zaɓa mini," na ce.

"Na ji ka. Hannuna ne bai ji ba. Ban taɓa duba hili don a kwana bisa ba."

Kwana tara yana ɗebo marmara yana cike gidan, ya ƙi a taya shi zubawa. Ginin ya tsaya, a ciki muke har yau. Ranar amalanke na ƙarshe ya damƙi baƙar ƙasar da ta rage a lungu, ya jujjuya ta a tafinsa.

"Tun ina saurayi nike roƙon Allah ƙasa irin wagga," ya ce. "Ga shi na same ta, ni na rufe ta da hannuna."