Safar Jigarin Bappa

Bappa, yayan mahaifina, ya iso gidana a unguwar Jambutu, cikin Jimeta, da takalmin roba a ƙafa ɗaya, ɗayar kuma a kumbure an naɗe ta da tsumma. Shekarar da 'yan bindiga suka ci ƙauyenmu ke nan, can wajen Madagali. Bai fito da akuya ba, bai fito da bargo ba. Abin da ya fito da shi wata tsohuwar safa ce da ya cusa a aljihu, cike da irin jigari, jar dawar da gidanmu ke shukawa tun zamanin kakanmu. Da na gani sai da na yi masa tsiya. Na ce, "Haba Bappa! Mutane na gudu da keken ɗinki, kai da safa?"

Ya ce, "'Yata, sun ƙone rumbun. Wannan ne kaɗai ya rage."

Ni sana'ata sayar da abinci, tuwo da miya da shinkafa da wake, a rumfa ƙofar gida. Bappa ya shekara guda a kan bencin rumfar nan yana kallon masu keke Napep, mutumin da a gida rana ba ta taɓa fito masa a tsakar gida ba. Kullum da safe sai ya zazzage safar a faifai, ya hure, ya mayar. Abin ya riƙa ci mini rai. Ana haka wani ma'aikacin jami'a da ke cin tuwo a wurina ya ce yana da ɗan fili a Girei, Bappa ya je ya noma.

Muka tsallake gadar Benuwai muka je. Bappa ya damƙi ƙasar ya saki, ta zube kamar gari. Ya ce ta gaji, sai da taki. A gida kashin shanunsa yake watsawa tun da rani, ga shi shanun sun tafi da masu bindiga. Na nan kusa masu lambun bakin Benuwai sun riga sun kwashe. Takin zamani kuwa a lokacin an sa masa ido, wai da shi ake haɗa bam, ko ka samu a ɓoye kuɗinsa ba na irinmu ba ne.

Sai ni uwar iyawa na ce a bar mini. Na taɓa ji a rediyo ana cewa ragowar abinci na zama taki. Rabin shirin na ji, ina tuƙin tuwo, amma na ɗauka na gama sani. Na sa aka haƙa rami bayan kicin, na shiga zubawa: ɓawon doya, ƙanzo, ragowar tuwo, miyar da ta kwana da manjanta da gishirinta da dunƙulenta, ruwan dafa wake mai kanwa, har ruwan wanke-wanke. A ganina duk abin da ya ƙosar da mutum zai ƙosar da ƙasa.

Maƙwabciyata, wata Inyamura mai shagon kayan masarufi da muke ce wa Madam, ta leƙo ta katanga ta toshe hanci. Ta ce da Hausarta, "Hajiya, kar ka sa miya! Ɓawo da ganye kawai. Ka juya shi, ka bar shi wata uku." Na ce, "Madam, ke da sabulu kike sayarwa, yaushe kika zama malamar gona?" Ta ce a garinsu haka uwarta ke yi wa doya. Na yi tsaki na ci gaba da zuba miyata.

Sati uku da fara ramin aka yi ruwan shuka. Bappa ya durƙusa ya cusa hannu cikin takin har gwiwar hannu, ya zaro da sauri. Ya ce, "Da zafi. Bai nuna ba." Na ce zafin nan ai shi ne ƙarfinsa. Ya goge hannunsa a riga. Can ya ce to a shuka rabin safar, a ajiye rabi.

Wallahi har yau in na tuna amsar da na ba shi sai kunya ta kama ni. Na ce, "Rabin me? Iri ya riga ya tsufa, in ya ƙara shekara ƙwari ne za su ci. A zuba duka a huta!" Na faɗa da ƙarfi, a gaban masu cin abinci. Mutumin nan ya fi shekara hamsin yana noma, ni ko barkono ban taɓa rayawa a gwangwani ba. Amma a ɗakina yake kwana, tuwona yake ci, kuma ya san haka. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda kika ce, 'yata."

Muka loda takin a buhuna, yana ɗiga yana wari, mai keken ma sai da ya yi mita. A gonar Bappa na sara da sungumi, ni ina binsa. Maimakon a watsa takin a bar shi ya haɗu da ƙasa, sai na riƙa cika kowane rami da shi, hannu biyu, in ɗora irin a kai in rufe da diddige. Gata nake yi masa.

Bayan kwana shida muka koma. Rabin ramukan karnuka da ɓeraye sun tone, sun bi ƙanshin ƙashi da manja. Sauran sun tsiro jefi-jefi, sirara, bakin ganyen a ƙone kamar an kara musu ashana. Na ce ruwa ne bai isa ba. Aka yi ruwa, aka ƙara. Ran da muka sake zuwa babu kore ko ɗaya, sai wani fari-fari da ya bushe a bakin ramukan. Bappa ya dangwala da yatsa ya kai harshe. Ya ce, "Gishiri."

Na tsaya ina jira ya zage ni. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya bi layin nan rami-rami yana tonawa da yatsa ko zai sami ƙwaya ɗaya da ba ta ruɓe ba, har rana ta take. Bai samu ba. Ya karkaɗe hannu ya ce mu tafi kada masu abincin rana su yi ta jirana.

Na yi yawon neman irin, har sansanin 'yan gudun hijira na shiga ina tambayar mutanen wajenmu. Jigari kam akwai, amma duk wanda na kawo sai ya murza ya ce ba shi ba ne, nasu ya fi duhu, kuma kununsa ba ya neman sukari. Bai ƙara taka Girei ba. Ya koma benci.

Yanzu na iya taki, abin haushin ke nan. Ɓawo da busasshen ganye da ɗan toka, ba miya, ba gishiri, a juya duk sati har ya yi baƙi ya huce ya yi ƙanshin ƙasa. Madam ce ta koya mini, ba ta kuma taɓa tuna mini ba. Tumatir da alayyafo na bayan kicin har maƙwabta na roƙa. Ni ko kallonsu ba na son yi.

A ciwonsa na ƙarshe Bappa ya daina cin komai. Wata safiya ya ce kunun jigari yake so. Na ruga kasuwar Jimeta na zaɓo mafi duhun da na gani, na surfa, na niƙa, na dama da hannuna. Na tallafo kansa ya kurɓa sau ɗaya. Ya ɗan riƙe a baki kafin ya haɗiye, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Na kasuwa ne." Ya kawar da kai.

Da muka zo raba kayansa kwana uku bayan rasuwarsa, a ƙarƙashin matashinsa na sami safar, a wanke, a ninke, ba komai a ciki.