Furen da Kika Zaɓa, Yaya Zeinabou

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, cikin watan azumi, Allah Ya karɓi ran Hajiya Zeinabou Tankari, mutuniyar Maradi, matar Malam Harouna mai aikin lodin kaya a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, a nan birnin Guangzhou. Tana da shekara arba'in da tara. Ta faɗi a kasuwar furanni, jini ya tsinke mata a ka, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Yaya Zeinabou, yau kwana ashirin ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ni ce Rekiya, wadda kike kira ƙanwarki duk da ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa ƙasa ba.

Na zo garin nan amarya shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Maigidana Ghali kan fita tun safe, ni kuwa in wuni a hawa na goma sha huɗu a wani bene na titin Huanshi Lu, ba na jin yaren kowa. Ke kika fara ƙwanƙwasa mini ƙofa, riƙe da tukunyar yasmin. Da harshenku na Maradi kika ce, "Ga hure, ƙanwata. Baƙo yana son abin da zai ba ruwa kullum, sai ya san gari ya waye." Na karɓa don kunya kawai. Ashe magani kika kawo mini.

Daga baya na gane duk Hausawan unguwar ke suke tambaya. Kin koyi yaren mutanen garin a bakin tsofaffin matan kasuwar furanni, kin koyi abin da kowane fure yake nufi a wurinsu da lokacin fitowarsa. Mai buɗe shago, mai zuwa dubiya, mai neman sulhu da maƙwabcinsa ɗan China, duk wurinki suke biyowa. Kina gaya musu cewa lokacin sabuwar shekararsu bishiyar ƙananan lemo ake kai wa mutum, alamar fatan arziki, da zafi kuma furen bado, don yana fitowa daga taɓo amma fes yake. In wani ya ce wannan ai camfi ne, sai ki yi dariya ki ce fure ba ya kawo arziki, Allah ke kawowa. Fure magana ce kawai, kuma wanda ya zauna garin mutane ya kamata ya iya gaisuwarsu.

Har yanzu ana ba da labarin Alhaji Shitu mai takalma. An gayyace shi bikin 'yar mai masana'antar da yake hulɗa da ita shekara takwas, ya sayo damin fararen furanni da ake kira juhwa, don sun yi masa kyau. Kika tare shi a bakin lif kika tambaye shi wa ya rasu. Ya ce biki zai je. Kika karɓe damin daga hannunsa, kika faɗa masa wannan furen makoki ne a wurin mutanen nan, kika bar girkinki a kan wuta kika raka shi ya sayo jajayen wardi. Da ya zo gaisuwar rasuwarki, dattijon nan kuka yake yi kamar yaro.

Ni kuwa abin da ke tsakanina da ke ya wuce wannan. Sau uku ina yin ɓari a garin nan, ba uwa kusa, ba dangi. A na ukun, cikin sanyin Janairu, na daina cin abinci, na daina amsa waya. Kika zo da wani busasshen reshe, babu ganye ko ɗaya, kika saka shi cikin kwalbar ruwa a bakin taga. Raina ya ɓaci, na ce ko itacen ma juya kika kawo mini. Kika shiga kicin kika dama mini kunu. Sai da za ki tafi kika ce wannan itacen ba ya fure sai sanyi ya yi tsanani. Bayan kwana shida ya fito da ƙananan furanni ja-ja. Ranar na yi wanka, na ɗora tukunya.

Sai bana Allah Ya ba ni 'ya mace, ranar 5 ga Maris. Ke kika yi mata wankan farko. Kika ce furen suna a bar miki, kin daɗe da sanin wanda za ki zaɓa, amma ba za ki faɗa ba sai ranar. Na ce kina azumi, ga ciwon kai yana damunki kwana biyu, ki bari. Sau ɗaya na faɗa, Yaya. Da na nace, da na riƙe mayafinki, da na ce ba na son furen. Na san ajali ba ya jinkiri, malamai sun faɗa mini, Ghali ya faɗa mini. Amma saboda ni kika fita, kuma zuciyata ta ƙi sakin wannan.

Washegarin rasuwarki aka raɗa suna babu taro, gawarki na asibiti ana jiran takardu. Kwana shida muka yi kafin aka sa ki a makwancinki, nesa da Maradi, mahaifiyarki tana sauraron jana'izar ta waya.

Ranar sunan, wata tsohuwa 'yar China ta hawo har ƙofata, ita ce mai rumfar da kika faɗi a gabanta. Ta miƙo mini tukunya, tsiro mai dogayen ganye da furanni ruwan goro a tsakiya. Da wayarta ta fassara mini cewa shi kika zaɓa, kin ɗaga shi kina murmushi, sannan kika zauna a ƙasa. Na tambaye ta me yake nufi. Ta faɗi abubuwa da yawa, wayar ta juya su zuwa maganar da ba kai ba gindi. Ƙarshe ta girgiza kai, ta kama hannuna tana hawaye.

Ga shi nan a ɗakina. Mutane sun ce in bincika, wasu ma sun faɗa mini sunansa. Ba sunan nake nema ba. Abin da kika yi niyyar faɗa wa 'yata nake nema, kuma kin tafi da shi.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa Zeinabou, Ka yafe mata kurakuranta, Ka karɓi azumin da ta cika da shi a bakinta. Ka yalwata ƙabarinta, Ka sa baƙuncin ƙasar da ta kwanta ya zama kaffara a gare ta, Ka saukar da ita a lambunan Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Harouna, da 'ya'yanta Moussa da Madina, da mahaifiyarta Inna Hindu a Maradi, da duk Hausawan Guangzhou. Allah Ya ba ku haƙuri. Ni ma ku roƙa mini, don har yau ban samu ba.