Hancin Wietske

A ƙauyensu da ke gabashin lardin Groningen, ba wanda bai taɓa tsokanar Wietske da sunanta ba, don farkon sunan shi ne abin da 'yan gari ke kiran wiwi da yarensu. Tun tana makaranta ake yi mata waƙa da shi. Da ta girma kuma ta shuka wiwin a gonar ubanta, sai kowa ya ce ai dama sunan ne ya bi ta. Wiwin nata irin wanda hukuma ta yarda da shi ne, ko buhu guda mutum ya zuƙa ba abin da zai samu sai tari. Ita ƙanshin take nema. Takan yanki furen, ta zuba a babbar tukunyar ƙarfe, tururi ya ratsa shi, mai ya riƙa ɗigowa kaɗan-kaɗan. Masu sabulu da masu man shafawa su zo su saya.

Masana suna kiran sinadaran ƙanshin nan terpen, kuma sun ce su ne dai a ɓawon lemun tsami, da masoro, da mangwaro. Tsofaffin ƙauyen sun rantse man Wietske na sa su barci, yana kuma rage musu ciwon gwiwa. Ita ba ta taɓa yi wa kowa alkawari ba. In an matsa mata, sai ta ce likitoci ma ba su gama bincike ba, ita ƙanshi take sayarwa, wanda ya sami barci ya gode wa Allah.

Sirrin sana'ar duk a ranar yanka yake. In ka yi gaggawa, man ya fito da warin ɗanyar ciyawa. In ka makara, ya yi kamar tsohuwar katifa. Wietske da hanci take ganewa: ranar da lemun tsami ya hau sama, masoro ya fara leƙowa daga ƙarƙashinsa, ranar ce.

Sai wani zazzaɓi ya kwantar da ita a lokacin sanyi, ya tashi ya tafi da hancin. Kofi ya koma ruwan zafi, cuku ya koma roba. Wannan shekarar da kalanda ta yi yanka, man ya fito lami, masu sabulu suka dawo mata da kwalabensu cikin ladabin nan mai ciwo. Ta shiga rumfar tukunya ta yi kuka ita kaɗai, don ta tsani a ga hawayenta.

Rabin gonar na yayanta Sjoerd ne, mutumin da bai yarda da duk abin da ba a soyawa ba. Ya ce ya yi haƙuri iya haƙuri, in girbi mai zuwa ya lalace, dankali zai zuba a filin gaba ɗaya, tukunyar kuma a kai wa masu gwangwan. Gaskiya ba mugu ba ne, amma wallahi bakinsa ba linzami.

Likita ya ce ta riƙa shinshina abubuwa masu ƙarfi safe da yamma, wataƙila ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba. Ta jera ƙananan kwalabe a tagar kicin: ɓawon lemo, masoro, kanumfari, ragowar tsohon manta mai kyau. Wata da watanni tana shaƙar iska kawai. Da abin ya fara motsi kuma, sai ya zo a karkace, komai warin ƙonanniyar taya yake, har burodi. Sjoerd yakan shigo ya same ta da hanci cikin kwalba, ya tambaye ta ko yau tayar wace mota ce. Ba ta kula shi, ta dai ci gaba.

Ƙarshen bazara wiwin ya fi mutum tsawo. Kullum da safe takan hau keke ta bi bakin magudanar ruwa, ta murje fure a tafin hannu, ta shinshina, ta ji warin tayar nan dai, ta koma gida. Sjoerd ya ƙagu, ya ce maƙwabta duk sun yanke nasu, ruwan sama na tafe, ita tana nan tana wasa da hankalin mutane. Ta ce a jira.

Wata safiya ta murje furen, ta kai hanci, sai ta tsaya cak. Lemun tsami ne, sak, mai kaifi har cikin ido. Ta sake ja a hankali, ga masoron can ƙasa yana tasowa. Daɗi ya kama ta. Ta juyo ta ce wa Sjoerd, da ke jingine da tarakta, yau za a yanka.

Ya yi dariya ya ce kalanda ta sake dubawa, kunya ce ta hana ta faɗa. Shi kuwa ba zai ƙona man tarakta a kan zato ba.

Wietske ta tako har gabansa, ta kama wuyan rigarsa, ta sunkuyar da shi.

"Yaya, yaushe ka koma shan sigari? Ba likita ya hana ka ba?"

"Wa ya gaya miki?"

"Ka kuma tauna na'a-na'a don ka ɓoye. Ko matarka ta sani?"

Kunnuwan Sjoerd suka yi ja. Tun da hancinta ya mutu yake laɓewa bayan rumfa yana busawa hankali kwance. Ya dube ta, idonsa ya kawo ruwa, ya kau da kai yana gyaran murya. Sai ya ciro kwalin sigarin daga aljihu ya damƙa mata, ya haye tarakta.

"Daga wane gefe za mu fara, Wietske?"