Kwanon Madugu

Jikana na fari shi ya kawo wannan ɗabi'a gidanmu a Koki. Ya sayi keke mai tayoyi kamar cinyar bijimi, ya ɗaure masa tanti da gidan sauro a kariyar baya, gorar ruwa a tsakiya, famfo da kayan faci a wata 'yar jaka. Shi da abokansa sai su fita ta Ƙofar Nassarawa, su bar kwalta, su bi burtali har duwatsun Rano, su kwana a daji su wuce. Ban hana ba. Kakannin mijina da raƙuma suka ƙetaro sahara, jini ba ya ƙarya. Ni ke daka musu dambun nama, in soya alkaki, kuma kafin kowace tafiya a soronmu suke cin tuwo a faranti ɗaya.

Suna da babba, ɗan maƙwabciyarmu, wanda suke kira madugu. Shi ya san hanya, wurinsa ake tara kayan gyara.

A wata tafiya ta ƙarshen damina, jikana ya faɗa kwazazzabo. Taya ta lanƙwashe, idon sawu ya karye. Sauran sun yi gaba, madugu kaɗai ke bayansa. Ya duba ƙafar ya ce targaɗe ne, ya huta ya biyo su, don yana so su haye rafi kafin ruwa ya kawo. Da ya cim ma sauran sai ya ce musu yaron ya gaji, ya juya gida. Wasu mata masu tallan nono suka tsince shi washegari, leɓe ya bushe, ƙafa ta yi suntum. A amalanke aka fito da shi titi. Maɗori ya yi iyakar yinsa, amma ƙashi ya riga ya sha iska. Har yau in yana tahowa daga masallaci, daga ɗaki nake gane takunsa.

Ubansa ya ce ƙaddara. Shi kansa yaron, bayan ya faɗa mana yadda aka yi, ya ce a bar maganar, abokansa kuwa sun ɗauka a hanyar komawa gida ya faɗi. Na ce to. Na jira har aka share gonaki, na aika wa abokansa cewa tuwon tafiya na nan yadda aka saba.

Suka cika soro, kekuna jingine a bango. Na sa aka kai babban faranti. Sannan na yafa mayafi na fito da kaina, riƙe da ƙaramin kwano mai murfi, na zuba masa tsoka mafi kyau. Na dire shi can gefe, bakin ƙofa.

"Madugu, ga naka."

Ɗaya ya kwashe da dariya. "Iye! Hajiya Kaka, mu ba 'ya'ya ba ne? Ko ango kika yi?"

Na ce, "Ku 'ya'ya ne, shi ya sa kuke haɗa hannu. A ayarin kakanninku, wanda ya bar ɗan'uwa a hanya ba a dukansa, ba a zaginsa. Kwanonsa ake ware masa har a isa gida. Ku tambaye shi inda ya ce jikana ya tafi, ga jikan nan zaune."

Hannuwa suka tsaya a cikin tuwo. Mai dariyar ya juya ya dubi madugu. "Kai, ba ka ce mana gida ya koma ba?"

Madugu ya fara kame-kame, wai rafi, wai hadari. Ya miƙa hannu wajen farantin, na kusa da shi ya janye shi kaɗan, kaɗan ɗin da ya isa. Ya tashi ya tura kekensa, ko sallama babu.

Tafiyar nan ba da shi aka yi ba, ta bayanta ma haka. Suka raba kayan gyara, kowa da famfonsa da facinsa, suka sa doka cewa mai ƙarfi shi ne a baya. Shi kuwa na ji ya sayar da keken a kasuwar Kurmi.

Uwarsa ta shigo mini da goro, tana matsar ƙwalla. "Hajiya, ki dubi zumunci. Yaron nan ko majalisa ba ya iya zama."

Na karɓi goron, don ba da ita nake yi ba. Na ce, "Ki gaishe shi. Ranar da nawa ya durƙusa a salla ba tare da ya miƙe ƙafa gefe ba, ki turo shi."