Matatar da Hashimu Ya Bari

Ranar Talata, sha biyu ga watan Sha'aban na bana, tsakanin azahar da la'asar, ina tsince wake a ƙofar ɗaki, sai jikana Sama'ilu ya shigo gidan babu sallama. Ya tsaya a gindin rumbu ya cire hula. Ban bari ya buɗe baki ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wansa Hashimu, mai wanke kafet, ya cika a asibiti a birnin Kano bayan doguwar jinyar ƙirji. Ya bar matarsa Aina'u, da 'ya'ya uku, da ƙaninsa, da ni tsohuwa da na haifi ubansu kuma na riga na ga kabarinsa.

Hashimu, ba haka muka yi da kai ba. Tun ranar sunanka na faɗa wa matan gidan nan cewa na yi sabon miji, kai kuma tun da ka iya magana kake barazanar sakina, wai ba ka zama da mace marar haƙori. Alkawarinmu shi ne kai za ka kai ni makwanci, ka dawo ka gaji jar akuyata. Ga akuya a turke, ga ni a kan tabarma, kai ne babu. Na ce wa liman zan shiga takaba, ya ce babu wannan a littafi. Na ce to a duba da kyau. Mutane suka yi dariya a gidan makoki, ni ma na yi, daga nan na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, wanda zai karanta wa jama'a ranar addu'a ya yi haƙuri da shi. Amma kada ya tsallake ko layi ɗaya, don akwai magana a ƙasa.

Lokacin da ka dawo daga birni da tsohon injin wanke kafet ɗin nan a bayan motar ɗaukar gyaɗa, duk unguwa an fito kallo. Ni na fara yi maka tsiya. Na ce a garin da kowa tabarma yake shimfiɗawa, kafet ɗin wa za ka wanke? Ka ce in jira. Ashe ka riga ka lura masallatan Juma'a daga Makoda har Ɗanbatta duk sun shimfiɗa kafet, kuma ba mai yi musu komai sai tsintsiya. Kafin shekara ta zagayo sai ga limamai suna aiko maka da mai babur.

Wanda bai san aikin ba yana zaton ruwa da sabulu ne kawai. Ni na san ba haka ba ne, don a tsakar gidana ake kwance injin idan an dawo. Akwai 'yar raga mai tare gashi da zare, akwai soso mai hana danshi shiga wajen wuta, sannan akwai babbar, mai kamar ganga, jikinta duk ninki, wadda take riƙe ƙurar da aka zuƙo kafin a sa ruwa. Abokan sana'arka filta suke ce mata. Kai matata kake cewa, don ka san abin da zai biyo baya. Sai ka shigo kana ɗaga murya, “Ina matata?” In ce, “Ga ni nan, maigida, me ka kawo min?” Ka ce, “Ba ke ba, mai amfanin nake nufi.” Na san a baki kalmomin biyu ba su zama ɗaya ba, amma kunnena yana tsufa duk lokacin da na ga dama.

Ragar da buroshi kake goge ta. Soson kuwa a ruwan ɗumi kake wankewa, ba ka murɗe shi, sai dai ka danne shi tsakanin tafuka, ka shanya a inuwa, kuma ko liman na tsaye a kanka ba ka mayar da shi da laima. Rannan ka shanya a kan danga, akuyata ta cinye rabi. Ka kawo ƙara gabana, na yanke hukunci cewa laifin mai shanya ne. Ka ce za ka ɗaukaka ƙara ranar da ka gaje ta.

Babbar ce ba ta son ruwa ko kaɗan. Injin tsohon yayi ne, ka zaga kasuwannin birni ba ka sami irinta ba, don haka kake lallaɓa ta kamar jaririya. Ka ɗaga ta saitin rana ka leƙa ciki, inda haske ya ɓullo ka liƙe da gam. Da robar bakinta ta tsage, tsohon tib ɗin babur ka yanka ka yi mata sabuwa. Ni na ɗinka mata riga da farin ƙyalle. Kullum kana cewa ita ce huhun inji, in ta huje ƙura ta shiga ta ƙone shi. Sannan ka ɗauke ta ka tafi gindin durumi, ka yi ta kakkaɓe ta a jikin icen, ka ɓace cikin farar ƙura, ka fito gira da gemu fari fat. In ce yau dai mijina ya kamo ni a shekaru. Ka yi dariya, dariyar ta ƙare da tari.

Alherinka ba sai na tuna wa mutanen nan ba, amma zan faɗi wanda na gani. Masallacin unguwarmu ba ka taɓa karɓar komai a kansa ba. Da ruwan sama ya yaye kwanon cocin maƙwabtanmu su Shago ya jiƙa musu shimfiɗa, kai ka tura injin a amalanke ka je ka tsotse ruwan, ka dawo da ƙwaryar gauta da suka tilasta maka. Dattawansu sun zo gaisuwa, sun zauna har rana ta yi sanyi. Abin da ragar ta tare kuma ba ka zubarwa sai ka tsince. Allura, maɓalli, layin waya, duk ka mayar wa ladan. 'Ya'yan carbin da ba mai nema ka tara, ka zura a zare ka ba ni. Ba guda biyu masu kala ɗaya. Da shi nake ja yanzu.

Da jikinka ya ƙi, likita ya tambayi Sama'ilu wace sana'a kake yi. Da ya ji, ya ce mai yiwuwa ƙurar ta taimaka wa ciwon. Bai rantse ba. Ni ma ban ce inji ne ya kashe ka ba, ajali ne, kuma ba na jayayya da Mai shi. Amma ina da ido. Shekaru ina kallonka kana tsare huhun ƙarfe, naka kuwa ko ƙyalle ba ka ɗaura masa ba, wai takunkumi yana hana ka numfashi.

Yanzu ga maganar da na ce kada a tsallake.

Ranar da za a tafi da kai asibiti, ka miƙo min matatar ka ce in ajiye inda yara ba za su taɓa ba. Na ajiye. Ga azumi ya matso, lokacin da kowane masallaci yake son a wanke masa shimfiɗa, kuma tun ba a share makoki ba masu babur sun fara tsayawa a ƙofar gida. Sama'ilu manomi ne, amma ya bi ka aiki ba sau ɗaya ba, ya san hannun injin. Geron bana bai yi kyau ba, ga nasa iyalin, ga naka sun dawo wuyansa. Ya yaye buhun da aka rufe injin a zaure, ya tarar babu matata. Ya birkice ɗakinka, ya duba rumbu, har bakin rijiya ya leƙa. Ya so ya tayar da shi haka, bakanike ya ce masa kafin ya gama sahu ɗaya zai ji ƙauri.

Shekaranjiya ya zo ya durƙusa a gabana. “Kaka, don Allah, ba ki ga inda Yaya ya sa ta ba?” Na ce ya tambayi akuya, ita ce mai tarihi. Bai yi dariya ba. Ya ce, “Kaka, yaran nan fa.” Na ce na ji, ya tashi ya ba ni wuri.

Hashimu, na kalli ƙeyarsa yana fita, irin taka ce sak. Ku biyu ɗana ya bar min. Na ba durumin nan ɗaya. Na ce a raina gara injin ya yi tsatsa a zaure, gara masu sayen ƙarfe su ɗauke shi a kilo, da in sake ganin wani nawa ya fito daga ƙurar nan da farin gemu yana min dariya.

Amma jiya na shiga wajen Aina'u. Na tarar ta dama kunu, ta raba wa yaran, ta zuba ruwa a ƙullin da ya rage a ƙwarya ta girgiza ta shanye, ta ce min ta ƙoshi. Ita da ke shayarwa. Na dawo na zauna da abin nan biyu a gabana, ƙurar da yunwar, ban san wanda ya fi nauyi ba, har yanzu ma ban sani ba.

To Sama'ilu, ka saurara a gaban jama'a, don kada ka ce ba ka ji ba. Matatar tana ɗakina, cikin taskira, ƙarƙashin zannuwana. Ni na ɓoye ta. Gobe ka zo ka karɓa. Za ka ɗaura takunkumi a wajen aiki, ko yana shaƙe ka. In ka dawo kuma, ba za ka kusanci durumi da ita ba. Hannuna za ka kawo ta. Na ga yadda ake yi har na haddace: iska a bayana, mayafi a hancina, a hankali don kada ninkin ya yage. Ni zan riƙa kakkaɓewa. Huhuna ya yi aikinsa ya gama, abin da ya rage a ciki ba mai jiran sa. Ranar da na ga farar ƙura a girarka, rijiya zan jefa ta, kuma ka san ni.

Allah Ya jiƙan Hashimu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabari, Ya sa iskar Aljanna ta sanyaya ƙirjin da ya wahala. Duk goshin da ya sauka a shimfiɗar da ya tsabtace, Allah Ya kai masa ladan. Aina'u, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya miki marayun nan, Ya sa su zama masu yi masa addu'a. Ina miƙa ta'aziyya ga dangin uwarsa, da abokan sana'arsa, da duk wanda mutuwar nan ta taɓa. Sama'ilu, Allah Ya ƙarfafa kafaɗarka, Ya sa kai za ka binne ni, ba ni zan zauna makokinka ba. Amin.

Furera, kakarsu,
daga ƙauyenmu na ƙasar Makoda.