Nonon da Aka Rama

Shekarar da rana ta yi husufi gab da azahar, har kaji suka nufi akurki, ita ce shekarar da hatsinmu bai yi kai ba. Ina zaune lokacin a wani ƙauye gabas da Filinge, da matata da ɗanmu na goye.

Bayan dangarmu wata Bafulatana ta kafa bukka. Shanunsu sun ƙare, mijinta ya yi kudu neman abin da za a ci. Tana da ɗiya guda, ba ta kai shekara biyu ba. Ɗiyar fari ce, saboda haka kakarta ke goyon ta, kakar kuma Allah ya karɓi abinsa da kaka. Nonon uwar ya ƙafe. Gashin yarinyar ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura.

Gwamnati ta buɗe wurin ba yara kunu da madara a likita, wato ƙaramin asibitin garinmu. Doka ita ce uwa ta kawo ɗanta, ta ba shi a gaban ma'aikata, ba a tafiya da shi gida. An yi haka ne don an ga manya na shanye rabon yara. Doka ce mai kyau, amma wanda ya tsara ta bai san kunyar ɗan fari ba. Matar nan ko sunan ɗiyarta ba ta faɗi, balle ta ɗora ta a cinya cikin taro.

Matata ta leƙa ta kan danga ta ce, “Ke Bafillata, kunya za ki dama mata ta sha?”

Ta sadda kai ta ce, “Kaɗo ba shi gane wannan.”

“To miƙo mini ita.”

Ta goya yarinyar, ta rungume namu, na bi su a baya. Majo, wato babban ma'aikacin likitar, ya dubi yaran biyu, ɗaya baƙi ɗaya ja, ya ce, “Malama, wagga ɗiyarki ce?”

“Ba ni na haife ta ba.”

“To uwa aka ce. In na karɓa gare ki, gobe kowa ya aro ɗan maƙwabci.”

Matata ba ta yi gardama ba. Ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi, ta ba yarinyar nono har ta saki da kanta. Sannan ta nuna ni ta ce, “Tambayi malam ko mi nike gare ta yanzu.”

Na ce a shari'a wadda ta shayar uwa ce, kuma ɗana ya zama ɗan'uwan yarinyar har abada. Majo ya yi dariya, ya ce a zuba musu. Haka aka yi ta yi kullum har kumburin ya saɓe.

Da ruwa ya dawo, mijin ya komo, suka tashi. Wata shekara matar ta turo karsana, matata ta mayar, ta ce ba ta sayar da nono.

Bayan shekaru, matata ta haifi autanmu, zazzaɓi ya kwantar da ita, nono ya ƙi zuwa. Labari ya kai rugarsu wajen Bonkuku. Sai ga matar da jinjiri a baya, na huɗunta. Ta yi sallama, ta ɗauki autanmu, ta juya wa mutane baya ta shayar da shi. Ta zauna gidanmu har matata ta miƙe.

Ranar da za ta koma, matata ta fara yi mata godiya. Ta ce, “Bari, Kaɗo. Naki ne na maido.”